Kurungu Iri Biyu

Shekara biyu na yi ina yankar ɗan guntun fiffiken kifi a bakin kogin Gashuwa ina jefawa a 'yan kwalabe. Aikin digirina na biyu ke nan: in karanta ƙwayoyin gadon kurungun Nguru da Gashuwa, in zana bishiyar danginsu, a ga wanne ya fito daga tsatson wanne. A lokacin ina ji da kaina, gani nake duk wanda bai shiga ɗakin gwaji ba bai san kifi ba.

Da sakamako ya dawo, sai kifayen da na rubuta wa suna ɗaya suka rabu reshe biyu. Malamin da ke duba aikina ya ture takardar, ya ce na cakuɗa kwalabe. Ya ba ni wata uku: ko in kawo hujja, ko in faro daga tushe. Ina fita na fashe da kuka.

Na koma wurin wata tsohuwa 'yar ƙabilar Bade, mai bandar kifi, wadda nake samun kurungun a hannunta. Ta saurare ni tana korar ƙuda.

"'Yar nan, ai dama biyu ne. Kin tambaye ni?"

"Iya, kamarsu fa ɗaya."

"A idonki ba."

Ta jawo daron kurungu. Ko kallon kifin ba ta yi, sai ta shafa ƙayarsa da babban yatsa, ta jefa wannan dama, wancan hagu. Mai kaushin ƙaya na ruwa mai gudu ne, in ji ta, ɗayan kuwa na taɓo ne, ya fi maiƙo, ba a haɗa su a wuta ɗaya. Ta damƙi yatsana ta goga har ƙaya ta soke ni.

"Yauwa, yanzu kin ji."

Na sake yankar fiffiken, kowane tsibi da kwalabensa. Sakamakon ya bi yadda ta raba su kifi bayan kifi, ko ɗaya bai tsallake ba. Har yau in na tuna sai in yi mata addu'a.

Ranar kare aikin, wani farfesa ya tambaye ni yadda aka yi na gano bambancin. Na ce mai bandar kifi ce ta koya mini da yatsa. Ɗakin ya kwashe da dariya, sun ɗauka raha nake yi. Na jira suka gama, sannan na buɗe shafin farko na kundin aikin, shafin godiya, na karanta musu sunanta da na mahaifinta da ƙarfi.