Tambayar Baba a Taron Kaduna

Gombe, Litinin

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito daga gidanmu a Pantami, da jawabi shafi shida a jaka kan yadda za mu harba kumbo zuwa duniyar wata. Lokacin kuɗin mai sun shigo, kowa sai cika baki, har da ni malamin kimiyya da aka gayyata Kaduna, taron tsara abin da ƙasa za ta nema a sararin samaniya nan gaba.

Baba ya tare ni a zaure. Damina biyu ke nan yana bizne gero tun ƙasa na bushe, yayyafi ya yaudare shi, shuka ta tsiro ta ƙone. Irin da ya rage masa ƙwarya ɗaya ne.

"Malam, in ka je, tambaye su yaushe zan yi shuka."

Na yi dariya, shi kuwa ko murmushi.

Bauchi zuwa Jos

Fijo ta sauke mu Bauchi ƙarfe tara, tafiyar mil kusan ɗari. Na ci masa, muka wuce. A shingen soja kafin Jos aka zazzage jakata, direba ya leƙa takardun.

"Malam, wata za ku? Ku fara gyara mana hanyar nan tukuna."

Sai bayan la'asar muka shiga Kaduna, na kwana gidan wani abokina.

Kaduna, Talata

Mutum bakwai suka yi magana kafin ni, duk wata suka nufa. Da aka kira sunana sai kunya ta kama ni. Na ninke jawabin, na ba su labarin ƙwaryar Baba.

Shugaban taron, wani dattijo mai tabarau, ya ce tauraron ɗan'adam kan hango hadari tun yana nesa. Aka ja, aka ja, har aka sa hasashen damina a lamba ta ɗaya, wata ya koma ƙarshe. Na ce yaushe hasashen zai kai ga manoma? Ya ce ƙila shekara ashirin.

Gombe, Laraba

Ƙarfe shida na yamma na iso, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa mai masaukina. Na tarar da Baba yana gyaran iri, na gaya masa gaskiya ban rage ba.

Ya daɗe yana juya geron da hannu.

"Ashirin. To, ba ni za a gaya wa ba," in ji shi. "Amma ka rubuta musu inda gonar take, kada ranar ta zo su rasa ta."