Ranar da Na Sa Aka Wanke wa Iya Haƙora

Da jajayen haƙora na buɗe ido na ga Iya, mahaifiyata. Ba jan goro kaɗai ba, wanda kowane tsoho yake da shi. Nata na fure ne. Sai ta tauna goro tukuna, sannan ta ɗauki furen taba ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya tana gogawa, har su yi jawur suna sheƙi. Adon matan zamaninsu ke nan a Nguru, balle Barebari irinta. Ga ta kuma da dariya. Idan abu ya kai mata, sai ta jefa kai baya ta buɗe baki gaba ɗaya, maƙwabta na jiyo ta ta katanga.

Ni kuwa, gara in faɗi gaskiya, kunyar bakin nan nake ji. Tun ranar da ta zo mini ziyara a makarantar kwana, wata 'yar ajinmu mai baƙin surutu ta tambaye ni ko faɗuwa uwata ta yi ta fasa baki, na ƙulla abin a raina. Na girma, na zama malamar makaranta a Gashuwa, na yi aure har na haihu, ƙullin yana nan bai kwance ba.

Wata shekara haƙorinta na tauna, na can ciki, ya tasa ta gaba. An gwada kanumfari, an gwada ruwan gishiri mai ɗumi, kumatu sai ƙara hawa yake yi. Baba ya bar rumfarsa ta bandar kifi, ya sa ta a mota da kansa, ya turo mini ita. Na kai ta wurin wani likitan haƙori, mutumin kudu da ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya yi mata allura ya cire haƙorin, ya ce mu dawo bayan mako biyu ya duba wurin.

A komawar ce shaiɗan ya hau kaina. Iya na kwance a kujerar, na juya harshe zuwa Turanci don kada ta ji, na ce wa likitan ya wanke mata haƙoran duka, ya kankare jan nan.

Ya dube ni, ya amsa da Hausa a hankali. “Malama, kin gaya mata? Tsofaffin nan suna son abinsu fa.”

“Na gaya mata,” na ce, ko ƙifta ido ban yi ba. Na sunkuya wajen Iya. “Ɗan share wurin zai yi, yanzu za a gama.”

Inji ya yi ta ƙara a bakinta, ni ina gefe ina jin daɗi kamar na yi abin kirki. Da aka gama ya miƙa mata madubi. Haƙoran ba su yi farin da na yi zato ba. Sun koma launin tsohuwar ƙwarya, ga 'yan ƙofofi sun bayyana a tsakaninsu. Iya ta daɗe tana kallo. Ta mayar masa da madubin da hannu biyu, ta ce, “Sannu da aiki, likita. Allah ya yi albarka.” A cikin keke ta ja mayafi ta rufe baki. Na ɗauka iska ce take shigar mata haƙora, washegari kuma ta ce gida za ta.

Sai da aka yi hutu na je Nguru. Tun daga zaure na ji gidan wani iri, shiru kamar an yi baƙon kunya. Matar ƙanena ta ja ni gefe ta ce tun dawowar Iya ba ta je suna ko biki ba, magana ma ta bayan mayafi take yi, dariya kuwa ba wanda ya ƙara ji.

Ni da saurin hawa, na faɗa ɗakinta. “Haba Iya! Gyara fa aka yi miki, ba ɓarna ba. Sai ka ce wadda aka yanke wa hanci?”

“Ke 'yar nan, zauna.” Ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari. Na zauna a bakin tabarma. “Da fure a bakina aka kai ni gidan ubanku. A wurinmu mace ba ta ajiye shi sai ta shiga takaba. Ga mijina can a ƙofar gida yana shan iska, ke kin mai da ni mai takaba. Da wane bakin zan yi masa dariya?”

Duk da haka bakina bai mutu ba. “To me ya hana ki sake shafawa? Wa ya riƙe miki hannu?”

Ta dube ni ta saman mayafin. “Ba na jin Turanci, amma ina jin 'yata. Ban san kunyata kike ji ba sai ran nan. Na ce to, kada in ƙara miki.”

Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan rana ba. Na yi kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Da safe na shiga kasuwa neman fure. Yaran masu shaguna ba su ma san abin da nake nufi ba, wani har ya nuna mini furen roba na ado. Sai can wajen masu goro na sami wata tsohuwa da ɗan ƙulli a jiƙaƙƙen tsumma. Na tuna likitan nan ya taɓa ce mini taba ba ta yi wa dasashi kyau, na kuma san gaskiya ya faɗa. Na saya duk da haka.

Na ajiye a gaban Iya a tsakar gida. Ko kallo bai ishe ta ba. “Kai wa masu so,” ta ce, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ban san lokacin da na ɓare goro na jefa a baki ba, ni da ko a ɗaurin aure ba na ci. Na tauna, na damƙi furen na hau dirzar haƙorana kamar mai wankin tukunya. Wayyo ɗaci! Ga yaji, ga yawu ja yana zuba a kan sabuwar atamfata, hawaye shaɓe-shaɓe, na shafe leɓe har da hanci. Na ƙware, na yi ta tari.

Sai na ji ta. Da farko ƙasa-ƙasa, kafaɗunta na rawa, sannan dariyar ta ƙwace mata gaba ɗaya. Mayafin ya zame ya faɗi a wuyanta, koɗaɗɗun haƙoran nan duk a waje, ba ta kai hannu ta rufe ba. Baba ya leƙo daga zaure da buta a hannu, ya tsaya yana kallonta, ya manta da alwalar.

Iya ta share hawaye da bayan hannu. “Sakarya, wa ya ce miki haka ake yi? Duk kin ɓarnatar da shi. Miƙo nan in nuna miki.”