Bulalata da Tarin Shiƙa

Jiya na je gaisuwa unguwar Gwallaga. Ƙanwar ɗalibata Hafsatu ce ta rasu, jaririya ko arba'in ba ta yi ba. Likita ya ce tarin shiƙa ne, kuma daga ajina Hafsatu ta kwaso shi.

Bencinsu ɗaya da Sadiƙu, wanda ya yi sati biyu yana tari har da amai. Na ga mahaifiyarsa a wurin gaisuwar, na ce, "Maman Sadiƙu, da kin bar shi a gida."

Ta ce, "Malama, wallahi na hana shi. Kuka yake, wai duk wanda ya yi fashi bulala biyar kike masa."

Yau da safe na karya bulalar a gaban ɗalibaina.

Malamai 'yan'uwana, yara nawa tsoronmu ke kawowa aji da ciwo?