Ranar Da Aka Nemi Iri, Ni Ina Zinder Gaban Inji

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, bayan damina ta yi mana gardama, ni mai sayar da irin gero ne a kasuwar Matameye. Irina mai saurin nuna ne, ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan kai. Ban taɓa yin talla ba. Nakan jiƙa ƙwayoyi a tsumma kwana uku, in buɗe gaban manomi ya ga tsiro da idonsa, ya auna ya tafi. Haka mutanen Kurni da Dungu suka san ni.

Sai wani ƙanena da ya dawo daga ci-rani a Kano ya hure mini kunne. Wai masu proje, wato ƙungiyoyin agaji, suna neman iri su raba wa talakawa, amma ba sa kallon wanda ba shi da shafi a intanet. Kwaɗayi ya ja ni, na ɗauki ƙafa zuwa Zinder wajen wani mai haɗa shafi a injin kwamfuta. Har yau in na tuna mutumin nan raina ɓaci yake yi! Bai taɓa tambayata me ya bambanta irina da na wasu ba. Na kai masa tsiro a tsumma, ya toshe hanci, ya ce ƙazanta ce, ba a sa wannan a shafi. Ya cika shafin da Faransanci mai kauri, ya liƙa hoton wata gonar masara shar da ban san ƙasarta ba. Na ce ni gero nake sayarwa, ya ce Turawa ba su san bambanci ba. Kullum sai na koma: yau babu kuran, wato lantarki, gobe babu rezo na intanet, jibi ya tafi biki. Ni kuma, dattijo da gemuna, ina zaune a benci kamar mai jiran allura.

Ina cikin wannan zirga-zirga ruwan shuka ya sauka. Kasuwa uku rumfata tana rufe. Wani tsoho daga Dungu, wanda ya fi shekara goma ba ya shuka irin kowa sai nawa, ya zo duk sau ukun. Da ya gaji, ya sayi geron ci ya shuka. Ruwa ya ɗauke, gonarsa ta tsaya a kara, 'ya'yansa suka tsallaka Najeriya neman abinci. Masu proje kuwa, ko ɗaya bai kira ni ba.

Bayan kaka muka haɗu da tsohon. Ya gaishe ni da ladabi, bai zage ni ba, sai ya tambaye ni ko mutanen cikin injin nan sun samu yin shuka. Wallahi da ma marina ya yi.

Ban ce intanet haramun ba ce. Amma 'yan'uwana 'yan kasuwa, duk wanda zai tallata muku kaya bai tambayi amfaninsu ba, ku tashi ku bar masa bencinsa. Kuma kada ku rufe ƙofa ga wanda ya san darajarku don neman wanda bai san kuna duniya ba. Irin da zai ceci gonar tsohon nan, a gidana muka tuƙa tuwo da shi.