Sunan Baba a jerin manazarta

Saura kwana tara a rufe karɓar kundin digiri na biyu malamin da ke duba aikina ya dawo min da nawa, ya ce ba zai sa hannu ba. Wanda bai miƙa ba kuwa sai baɗi, ni kuma shekara uku ina zirga-zirga tsakanin Jega da Aliero da goyo a baya, na gaji.

Bincikena a kan adana albasa ne, kuma rabin abin da na sani daga bakin surukina na ji shi, mahaifin maigidana, manomi a Jiga Birni. Na ɗauke shi bidiyo uku yana nuna yadda ake ɗaura rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake jibge albasa har ta yi daraja, na ɗora su a intanet don masu jarrabawa su gani. Da na zo saka su a manhajar da ke tsara mana manazarta, sai ta ɗauke su a matsayin shafukan intanet kawai, babu ranar ɗorawa, babu komai. A gurbin mai magana kuwa ni da hannuna na rubuta "Baba". Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kama sunansa ba, yaron maƙwabta ma mai irin sunansa, da laƙabi nake kiransa.

Malamin ya zagaye kalmar da jan biro ya tambaye ni baban wa. Na ce nawa. Ya ce mai jarrabawa daga wata jami'a zai zo, shi ma yana da nasa baban. Raina ya ɓaci sosai, musamman da na san gaskiya ya faɗa.

Wata ma'aikaciyar laburare, 'yar Maiyama, ita ta tsince ni ina zaune ina hararar kwamfuta. Mace ce mai faɗa, ɗalibai na tsoronta, amma ta ja kujera ta zauna. Ta nuna min inda ake canza nau'in abu daga shafin intanet zuwa bidiyo, sai ga gurabe sun buɗe: ranar da aka ɗora, tsawonsa, adireshinsa. Ta sa na koma cikin kundin, duk inda na kawo maganarsa na rubuta minti da daƙiƙar da ya faɗe ta, don mai karatu ya je ya ji da kunnensa. Wuni biyu muka yi a kan wannan, ko ruwa ba ta yarda na saya mata ba.

Da muka iso gurbin suna na janye hannuna daga kwamfutar. Ta dube ni ta gane, don ita ma surukar wani ce. Ta ce za ta iya rubuta min, amma gara in je in tambayi mai sunan, tunda shi za a sa a littafi ba da saninsa ba.

Na same shi a gona yana juya albasa. Na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa makaranta ce ta matsa, malamai ne ba su san kunya ba. Ya bar ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Ɗiyata, mi kika jin tsoro? Sunan nan kullum ga buhun albasa aka rubuta shi, a kai Kudu a yar da buhun. Ki sa shi ga littahi, ni na yarje miki."

Ya zaro katin shaidarsa daga aljihu ya miƙo min, don kada sai na furta. A nan bakin gona na kwafe shi harafi bayan harafi. Da na koma makaranta na saka shi a gurbin na danna, manhajar ta gyara duk wuraren da "Baba" yake a kundin lokaci guda. Malamin ya sa hannu saura kwana biyu. Har yau ina yi wa matar nan addu'a, shi ma malamin na daina jin haushinsa.

Da aka ɗinke kundin na kai wa Baba. Ba ya karatun boko, sai ya ce in ɗora yatsansa a wurin da sunansa yake. Na ɗora, na gaya masa cewa a tsarin manazarta sunan uba ake fara sawa, nasa na biye. Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba. Mahaifin nasa shi ya koya masa ɗaura rudu, ya rasu ko hotonsa babu.

"Ashe har shi ya shiga," in ji shi. "Allah shi yi miki albarka."