Waliccin da Basir Ya Ba Ni

Shekara huɗu na yi ban sa nama a bakina ba, kuma har yau akwai tsofaffi a ƙauyenmu, nan kusa da Wagini, da ke ba jikokinsu labarin a cikin jerin karamomin malaman da. Tunda tsufa ya rage mini kunya, bari in faɗi abin da ya hana ni: basir ne.

Na gaji limanci wurin mahaifina ina da ƙarfina, tun Nasara ba su zo ba, lokacin da Sarkin Katsina ke aika gaisuwarsa Sakkwato, mu kuma muna aika tamu ga hakimi. Tare da limancin na gaji wuƙa. A ƙauye irin namu liman ne ke yanka duk dabbar da za a ci a taro, ragon suna ne ko na layya, haka ma san da Sarkin Fawa, wato shugaban mahautanmu, ke kayarwa kowace ranar kasuwa. Wuya kuwa rabon mai yanka ne. Ba na jin an taɓa yin limamin da ya riƙe wannan haƙƙi da muhimmanci kamar ni. Ina son nama, ina son kitse, in an kawo balangu nakan manta da baƙon da ke zaune gefena sai na ga ƙasan akushi.

Sai ciwon ya zo. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba Allah ya bar shi cikin rashin saninsa. Zaman tahiya ya koma mini azaba. Na riƙa tsawaita karatu a tsaye don in jinkirta zama, mamu kuwa suka ce sabon liman ya fi mahaifinsa natsuwa a salla. Faɗa wa wanzamin garinmu daidai yake da yin shela a kasuwa, don haka mai ɗakina ta tafi wurin mahaifiyarta ta ce ita ce ke fama. Ta dawo da ƙullin sabara da umarni guda: a bar maiƙo, a bar nama, ko romonsa kada a kurɓa.

Daga ranar gidana ya zama gidan ganye. Yau kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, gobe rama, jibi tafasa, ga ɗanwake, ga faten wake, ga miyar kuka da daddawa kaɗai ke riƙe da mutuncinta. An ce tuwon girma miyarsa nama, nawa girman dai a miyar yaɗiya ya ƙare. Watan farko na yi shi ina jin haushin kowa. Abin takaici, maganin ya yi aiki. Ciwon ya lafa, tumbina ya sauka, nauyin da nake ji bayan azahar ya tafi, har na koma ina kai gonata da ƙafa ba tare da na tsaya hutu a gindin kanya ba.

Yanka kuwa ban bari ba, aikina ne. Sai dai wuya in an ba ni nakan miƙa wa maƙwabta, in an kawo nama a wurin suna in ture shi gefe in ci tuwona. Ba a daɗe ba aka lura. Wata rana a wani taron suna wani dattijo ya tambaye ni a gaban jama'a me ya raba ni da nama. Da na ce ba ni da lafiya, da magana ta mutu a nan. Amma liman matashi ne ni, ina jin kaina, kuma sunan ciwon ba ya faɗuwa a gaban surukai. Na sunkuyar da kai na ce, "Kowa da abin da ya sani, Baba." Dattijon ya gyaɗa kai a hankali, na ga sauran suna duban juna.

Kafin kaka ta zagayo na zama mai tsantseni, wato wanda ke gudun ko da abin da ake shakkar halaccinsa. Ramar da wake ya sa na yi, aka ce ta ibada ce. Hasken fatar da na samu saboda cikina ya huta, aka ce annuri ne. Mata suka riƙa aiko da gero da nono ana neman addu'a, mutanen da ba su taɓa gaishe ni a durƙushe ba suka fara cire takalmi tun daga nesa. Na san sarai abin da na karanta, cewa ba lada a haramta wa kai abin da Allah ya halatta. Amma girma abu ne mai daɗi, ya fi kitse, kuma shi ba ya tayar da basir. Har na kai ina yi wa masu zuwa zaurena bayani a kan tausayin dabba, yadda sa ke duban mai wuƙa, yadda yawan cin nama ke busar da zuciya. Nakan faɗi haka da yamma, da safe in wasa wuƙata in tafi mayanka.

Sai dai mutanenmu ba sa barin abu ba dalili, ruwa ba ya tsami banza. Shekarun nan ana yawan kora shanun mutane ta dajin Rugu, mahara su kwashe na wannan gari su sayar a wancan. Sai aka zauna aka yi tunani mai kyau: Malam ne ke ganin sa da ransa kafin a feɗe, shi ke ganin shaidar da Fulani ke yi wa kunnen dabbobinsu. In har ya yanka ya ƙi ci, to ya ga abin da ya gani. Ba wanda ya zo ya tambaye ni ko haka ne. Ni ma da maganar ta iso kunnena ban ce haka ne ba, ban kuma ce ba haka ba ne.

Sarkin Fawa sa'ana ne, kaciyarmu ɗaya, allo ɗaya muka riƙa wankewa a gaban mahaifina. Mutum ne mai jiki, mai dariya, ba ya sayen dabba sai a kasuwar Batsari, a hannun dillali, gaban shaidu. A duk ƙasar nan ban san mahaucin da ya kai shi kiyayewa ba. Shi ne mutane suka fara kewaye wa rumfa. Magidanci zai ɗaura wa jakinsa akumari ya tafi har Batsari ya sayo naman da bai san ko na wane ne ba, ya dawo yana jin ya tsare addininsa. Naman Sarkin Fawa ya riƙa kwana, ya mai da shi kilishi, kilishin ma ya rasa mai taya. Daga sa ya koma yanka tunkiya. An kira shi gaban mai gari sau ɗaya, ya kawo shaidunsa, aka sallame shi, jama'a suka ce ai shaidu ma mutane ne.

Wata rana da hantsi ya yi sallama a zaurena. Ya zauna nesa da buzuna, shi da da can yakan zauna a kai ya ture ni. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Allah shi gafarta Malam," in ji shi, "ka taɓa ganin wani abu ga dabbata?"

Na ce ban taɓa ba.

"To mi ya hana ka ci?"

Na ce wata lalura ce tsakanina da Ubangijina. Ko shi ban iya faɗa wa ba.

"Ban tambayi sirrinka ba. Tsoka guda nike roƙo. Ran kasuwa ka tsaya rumfata, ka ɗauki tsinken tsire guda ka ci, mutane na gani. Shi ke nan ka wanke ni."

Na yi masa alkawari, kuma Allah ya sani da niyyar cikawa na yi. Tsinke ɗaya ba zai kwantar da ni ba, in ma ya tayar da ciwon, kwana uku ne.

Ranar kasuwa na fito. Tun daga bakin masallaci aka fara tare ni. Wata tsohuwa ta durƙusa ta ce in sa wa jikanta hannu a ka, ta ce ta gaya masa wannan shi ne malamin da ko nama ba ya ci. Wasu baƙi daga wajen Safana suka biyo ni a baya, an nuna musu ni. Na hango Sarkin Fawa ya ware tsinke mafi kyau a gefen wuta, ya shimfiɗa sabuwar tabarma. Na zo daf da rumfar, na ɗaga masa hannu, na wuce wurin masu gishiri. Na ce wa raina taron ya yi yawa, kasuwa mai zuwa ta fi dacewa. Kasuwa mai zuwa aka yi ruwa. Ta bayanta kuma kaina ya yi ciwo, ciwon da ya warke da la'asar.

Mai ɗakina ce kaɗai ta san gaskiya, kuma ba ta raga mini ba. Ta ce ita ta ɗauki kunyar ciwon ta kai gidansu, ni na ɗauki ladan, ga bawan Allah can yana shan dukan. Ta ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ba ta taɓa zaton gardi take aure ba. Kwana biyu ban kula ta ba, don ta faɗi daidai.

Abin da ya karya ni shi ne ranar da na ga matar Sarkin Fawa ta zo aron dawa gidana, ta rufe fuska, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Washegari bayan sallar la'asar na ce kowa ya dakata. Na miƙe, gumi na keto mini, na ce basir gare ni, shi ya hana ni nama, dabbar Sarkin Fawa halal ce tsarkakakkiya, ni ne na yi shiru inda ya kamata in yi magana. Na jira dariya. Ba wanda ya yi. Wani tsoho a sahun gaba har ya share hawaye. Kafin magariba labari ya gama gari cewa Malam ya yarda ya ɗora wa kansa ciwon kunya don ya rufa wa abokinsa asiri, irin wannan sai waliyyai. Wanda da yake shakkar satar, ranar ya sakankance.

Na ce to bari in je in ci a gabansu, ko sa guda ne. Sai na tarar babu abin ci. Sarkin Fawa ya riga ya daina yanka, rumfar ba kowa sai karnuka da ke shinshina inda jini ya saba zuba. Da ruwan farkon damina ta gaba ya sauka ya kwashe iyalinsa ya koma Tsaskiya wurin dangin mahaifiyarsa. Bai yi mini sallama ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Sai bayan an yi girbi na sami ƙarfin halin bin sa. Na hau jaki tun da sassafe, ni kaɗai, na isa rana ta take tsaka. Na same shi a bakin wata bukka a gefen gari yana sussukar wake, gonar aro yake nomawa. Jikin nan duk ya zube. Ya tashi ya karɓi jakina, ya kawo ruwa, muka gaisa kamar jiya muka rabu. A turke akwai akuya guda, ita ke nan dabbar gidan. Da na ga ya nufe ta da igiya na roƙe shi ya bari, na ce fura ta ishe ni. Ya ce ba a taɓa yin liman ya sauka gidan mahauci an ba shi gayan tuwo ba, ko da mahaucin ya zama manomi. Ya kayar da ita, ya miƙo mini wuƙa. Na yanka. Ya feɗe ta cikin ɗan lokaci, hannunsa bai manta komai ba, ni kuwa ina tsaye ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka gasa ya kawo mini a akushi, ya zauna gefe. A nan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ba shi labarin ciwon tun daga farko, da tsohuwar da ta tare ni a kasuwa, da yadda na ɗaga masa hannu na wuce. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya saurara har na gama, yana kore ƙuda daga bakin akushin.

"Na yafe tun tuni," in ji shi. "Ci, Malam, kada shi huce. Nan ba mai ganinka."

Na duba. Gaskiya ya faɗa, babu kowa, sai kaji da ke tonon ƙaiƙayin wake. Na sa hannu na ci, naman na da daɗi ƙwarai, ina ci hawaye na zubo mini. Tsinke guda ya roƙe ni a gaban mutane na hana shi, ga shi ina cin akuyarsa ta ƙarshe a inda ba za ta amfane shi da komai ba. Shi bai sa hannu ba. Ya ce ya kwana biyu bai ci ba, yana tsoron kada cikinsa ya ƙi karɓa.