Lawwali Mai Rediyo da Jar Motar Rumfar Tamowa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 20 ga Yuli 2010, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Lawwali mai gyaran rediyo a kan kwaltar Matamaye. Kamiyon hatsi ne, wato babbar motar kaya, ya buge shi a lokacin da ya tura wata yarinya daga gabansa. Yarinyar, Rabi, ta tsira. Amma uwarta ta gudu da ita ƙauye ba ta gama shan magani ba, kuma rabin dalilin wannan rubutu ke nan.

Ni ce Baiwa, mai awon yara a rumfar tamowa. Lawwali, ni da kai ba mu fara da daɗi ba. Bayan sojoji sun karɓi mulki aka yarda a kira yunwar bana da sunanta, mata suka yi ta kwararowa daga Ɗan Barto da Yauri da Dawce, kowace da ɗan da ya ƙi ci. Ana cikin haka ka shigo mana da jar motar wasa da ka sayo a Kano, mai tafiya da telekomand, wato na'urar tuƙa ta daga nesa. Na ce maka, "Malam, nan mutuwa ake yi, ba wasa ba." Ka ce in dai ba ka ɗan fili tsakanin tabarmi. Motar ta zagaya, sai ga yaran da ko ƙuda ba sa iya korewa suna bin ta da ido. Uwa ta lallaɓa ta tura abincin gyaɗa a baki, yaro ya haɗiye bai sani ba. Daga ranar kullum kana rufe shagonka da hantsi ka zo.

Ban taɓa ganin mai wasa mai yawan doka irinka ba, har Kwamanda muke ce maka. Sai an rufe ƙofa kake kunnawa. Telekomand ake fara kunnawa sannan mota, in an zo kashewa kuma mota ce farko. Ba a ɗaukarta taya na juyawa, kada ta naɗe yatsa. Ba ta zuwa kusa da murhu. Mataccen batir aljihunka yake komawa, don ka san yaro mai yunwa komai baki yake kaiwa. Abin da ka fi tsana shi ne batirin da aka shanya a rana, yadda kowa ke yi wa na tocilarsa. Ka ce farfaɗowar ƙarya yake yi, ya mutu ana tsakiyar tafiya, mota ta daina jin magana.

Sai aiki ya tsaya maka, don wanda ba shi da tiyar gero ba ya kawo rediyo gyara. Batir ya gagare ka, motar ta kwanta. Rabi 'yar shekara huɗu ce, an kawo ta ba ta iya tsayuwa, kuma ba ta buɗe baki sai motar na yawo. Ta koma ƙin ci. Uwarta Tanna ta bi matan rumfa ɗaya bayan ɗaya, suka zazzage tocilolinsu, ta shanya batiran a kan kwano, ta ƙulle su a bakin zane. Ta durƙusa gabanka ta ce, "Malam, abin da muka iya ke nan."

Na ga fuskarka. Ka san abin da ke hannunta sarai. Amma wa zai mayar wa matar da ba ta da komai kyautarta a gaban jama'a? Ka yi godiya, ka saka su.

Motar na fuskantar ƙofa sai wani mai amalanken ruwa ya buɗe ƙofar. Telekomand ya mutu a hannunka, motar ta miƙe waje. Rabi, wadda ba mu taɓa ganin tafiyarta ba, ta tashi ta bi ta da gudu. Wallahi wasu matan har sun fara guɗa, ba su ga kamiyon ba. Kai ka gan shi.

Raina ya ɓaci da masu cewa wasan yara ya kashe babban mutum. Ba su zauna a rumfar nan ba, ba su ga yaran da suka koma gida da ƙafafunsu ba. Direban ma ba mu riƙe shi da komai ba, kuka yake yi kamar mu.

Tanna ba ta jira jana'iza ba. Ta goya Rabi ta nufi Dawce a ƙasa, ta ce ba za ta iya haɗa ido da mutanen Matamaye ba. Yarinyar ba ta kai awon sallama ba, kuma babu hatsi a gidan da aka mai da ita. Matarka Shekara tana takaba, ba ta fita, sai ta aika aka kira ni. Ta ce, "Baiwa, ku gaya wa baiwar Allah nan ba na riƙe da ita. Ta dawo da yarinyar. In ta mutu a ƙauye, to mijina ya tafi a banza."

Allah Ya jiƙanka, Lawwali, Ya yalwata kabarinka, Ya karɓe ka cikin shahidai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Shekara da 'ya'yanka da ƙanenka Garba, Allah Ya ba su haƙuri. Duk mutumin Dawce da wannan ya iske shi, don Allah ya kai wa Tanna saƙon Shekara. Har yau ban naɗe tabarmar Rabi ba.